Albarka, Inna

Ni ban yi boko ba, allo ma ban daɗe da shi a hannu ba. Abin da na sani a duniya a bayan akuya na koye shi, daga kasuwar Bagudo zuwa ta Kaoje, har ƙetaren iyaka inda Faransa ke mulki a lokacin. Da 'ya'yana suka fara wayo sai na ce karatun Alƙur'ani na malam ne, amma na zaman duniya ni zan ba su a gida da abin da nake da shi. Abin da nake da shi kuwa ciniki ne.

Ba wani zama na musamman muke yi ba. Wurin cin tuwo ne da wurin ba awaki dusa. Dokoki biyu na kafa musu. Kada ka karɓi tayin farko, ka ce albarka ko da ranka yana so. In kuma mai saye ya juya ya tafi, kada ka kira shi, tafiyar ƙarya ce, zai waiwayo. Wanda ya fara kira shi ya faɗi.

Shekarar da aka sami 'yancin kai, babban ɗana ya tambaye ni mene ne wannan abu da ake ta kiɗa a kansa. Na ce ciniki ne, mun daɗe muna tayawa Bature yana cewa albarka, yanzu ya sallama mana ƙasar. Sai yaron ya ce, "To Baba, an duba haƙoranta kafin a karɓa?" Ranar na san karatu ya shiga.

Sai dai ya shiga ya wuce inda na nufa. Uwarsu za ta ce da yarinyar, mai bi ma babban, ta zo ta yi wanka.

"Albarka, Inna."

"Ke, ni kike ce wa albarka?"

"Fuska da ƙafafu. In kin ƙara ƙanzo, har wuya."

Nan babban zai shiga tsakani, shi ne dillali, ya ja wannan gefe ya ja waccan gefe, a daidaita a kan rabin jiki, ya karɓi la'adarsa ta ƙuli-ƙuli. Auta da ke goye, ko nono aka ba shi sai ya kau da kai sau ɗaya tukuna.

Matata Badendiya ce, daga wata ƙabila ta ƙetaren iyaka, ba ta da yawan magana. Ta ce da ni, "Maigida, gida na zo ko kasuwar awaki?" Na ce ta yi haƙuri, yaran da ba a iya cutar su a gida, ba za a cuce su a waje ba.

Wata rana da hantsi tuwo yana kan wuta, ta ce a miƙo mata ruwa maza. Aka shiga ciniki. Kafin a daidaita ko rabin ƙwarya ne ko cikakkiya, tukunya ta kama, hayaƙi ya cika gida. Ba ta daki kowa ba. Ta shiga ɗaki ta ƙulla kayanta, ta goya auta, ta ce, "Na tafi gidanmu."

Muka fito ƙofar gida mu uku muna kallon bayanta. Na buɗe baki zan kira, sai yarinyar ta ja mini riga.

"Baba, kar ka kira. Kafin ta kai tsamiya za ta waiwayo."

Ina malami zai karya dokarsa a gaban ɗalibai? Kuma gaskiya ni ma haka na zata. Na ga irin wannan tafiya a kasuwa ba adadi. Ta kai tsamiya, ta wuce. A bakin rijiya ta tsaya tana gyara kaya a kai, ta daɗe tana gyarawa.

Babban ya ce, "Ga shi nan, ta fara laushi. Ku daure."

Muka daure. Auta kaɗai ke waiwayenmu daga bayanta, har gero ya rufe su. Babban ya girgiza kai ya ce, "Wallahi Inna ta iya ciniki." Daga baya matata ta gaya mini a bakin rijiyar nan murya ɗaya take jira, ko ta akuya ce.

Kwanakin da suka biyo ni ke girki. Tuwona duk gudaji. Yaran suka ce albarka, wannan karon kuma ba su dawo da wani tayi ba. Yarinyar ta daina wasa, kullum tana ƙofa tana kallon tsamiya. Sai na ɗaura wa jaki akumari, na ɗora su, muka tafi biko.

Iyakar ba komai ba ce, jandarma ne, wato ɗan sandansu, ƙarƙashin itace da sabuwar tuta, su ma sun sami nasu 'yancin. Ya san ni. Ya ce yau ina awakin? Na ce yau ni ne mai saye.

Surukina tsohon masunci ne. Muka same shi a inuwa yana ɗinkin taru. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa bai ɗago ba. Ya ce ya ji labarin makarantata, ga nasa sharaɗin. Daga zaure zuwa cikin gida babu ciniki. Sannan 'yarsa za ta sake ɗaukar kayanta ta nufi bakin ruwa, mu kuma mu kira ta har gari ya ji.

Na ce, "Na karɓa, Baba."

Babban ya dafe kai. "Baba, tayin farko ne fa!"

"Yi mini shiru. Ga doka ta uku, wanda ba shi da wata a turke ba ya ja-in-ja."

Ta fito da kaya a kai, ba ta dubi kowa ba, ta kama hanya. Mata suka leƙo ta kan danga. Na cire kunya na ɗaga murya irin wadda nake kiran Fulani da ita daga wancan gefen kasuwa: "Uwar yara! Dawo, don Allah!" Yaran suka kama, "Inna! Inna!" Jaki ma ya sa baki.

Ba ta juyo ba. Muka sake, ta ci gaba da tafiya a hankali. Yarinyar, hawaye a fuska, ta raɗa mini, "Baba, ba ta karɓi tayin farko ba."

Sai da muryata ta dushe, yaran suka ruga suka riƙe mata zane, sannan ta sauke kayan.

Sharaɗin tsoho ya zauna, a cikin gida ko yau ba a ciniki. Sai dai na lura, da la'asar ta yi, lokacin wanka, duk 'ya'yana a waje da zaure suke zama.