Kallon Nesa na Malam Iliyasu

Malam Iliyasu mutumin Kiyako ne, amma rabin rayuwarsa a Birnin Kudu ya yi ta, yana buga takardu a ofishin wata ƙungiyar manoma. Da tafireta ya fara, da aka kawo kwamfuta ya koye ta da yatsu biyu, har yau kuma da su yake aiki. Gajere ne kakkaura, kuma in aka ce masa abu doka ne, to ya riƙe ke nan. Matarsa Turai, 'yar Gwaram, takan ce in aka rubuta a girgiza magani kafin a sha, Malam sai ya girgiza har cokalin.

Da wuyansa ya fara riƙewa, ido na ruwa, sai shugaban ƙungiyar ya gayyato wata ma'aikaciyar lafiya, Malama Juwairiyya, ta koya wa ma'aikatan ofishin zama gaban kwamfuta.

"Fuskar kwamfutar ta yi daidai da idonka, Malam, ka daina duƙa mata," in ji ta. "Ka riƙa ƙifta ido. Bayan kowane ɗan lokaci ka tashi ka miƙe gaɓɓai, ka juya wuya, ka kalli wani abu mai nisa, ido ya huta."

Washegari ya ɗora kwamfutar a kan rabin buhun riɗi. Ta yi masa tsawo, ya ƙara wa kujera matashi. Ƙafafunsa suka koma lilo, ya sa musu bulo. Saura abu mai nisa. Taga ɗaya ce a ofishin, kuma abin da take fuskanta a tsallaken titi shi ne shagon Barau tela.

Haka Barau ya wayi gari wani mutum yana miƙewa a taga, ya kafe shi da ido, ya ƙiƙƙifta, ya murɗa wuya, ya ɗaga hannuwa sama, ya koma ya zauna. Da farko ya ɗauka gaisuwa ce, ya ɗaga masa hannu. Malam bai amsa ba, don ba a sa gaisuwa cikin dokar ba. Barau ya ja keken ɗinkinsa gefe, idon ya bi shi. Ran da allura ta karye masa ana cikin kallon, ya ajiye almakashi ya tsallako.

"Malam Iliyasu, don Allah me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Kai ne abu mai nisa."

Sai da ya zaunar da shi ya yi masa bayani tiryan-tiryan. Barau ya shafa ƙeyarsa, ya ce ai shi ma in ya wuni yana bin zare, da la'asar mutum biyu-biyu yake gani. Ya tambaya ko dokar tana aiki a kan tela. Malam ya ce bai ji an hana ba.

Daga nan in Malam ya miƙe, Barau ma ya miƙe. Su zuba wa juna ido ta tsallaken titi, suna murɗa wuya, suna wara hannuwa. Masu acaɓa suka fara tsayawa suna jiran a kama dambe. Magana ta kai ga mai unguwa, Baba Sada, ya aika a kira su.

Suka zauna a zaurensa, kowa ya faɗi nasa. Tsohon ya saurara har ƙarshe.

"Wato babu faɗa?"

"Babu, Baba. Ido muke hutarwa."

"To, duk da haka ku yafe wa juna, tunda an riga an taru."

Suka yi musabaha, aka shafa fatiha. Baba Sada kuma ya yanke cewa kowa ya nemi abin kallonsa wanda ba mutum ba.

Barau ya zaɓi wata akuya da ke kwana a gindin katanga. Malam Iliyasu ya koma fita ƙofar ofis, ya ɗaga kai yana kallon ƙololuwar wani dutse can bayan gari. Wuyan ya saki, ido ya daina ruwa. Sai dai har yanzu in ya fito, ba a rasa baƙon da zai tsaya kusa da shi, ya yi wa ido inuwa da tafin hannu, yana neman abin da ke kan dutsen.