Jif Mai Sitiyari a Dama

A shekarar da gwamnati ta ce motoci su bar gefen hagu na titi su koma dama, a shekarar na sayi mota, ina da shekara hamsin da 'yan kai. Rediyo ba ta da zance sai wannan. A tashar Haɗeja kuwa direbobi sun yi ta musu a kan ko dokar ta shafi jakuna.

Ni kaɗai ne a gida a lokacin. Maiɗakina ta rasu, Allah Ya jiƙanta. 'Yata tana aure a Birniwa, ɗana yana aikin gwamnati a Kaduna. Da safe in share tsakar gida da kaina, in dafa shayin mutum ɗaya, in kama hanyar gonar shinkafata da ke fadama, gabas da gari. Shanun da ke ja mini amalanke sun tsufa, laka tana kayar da su. Sai ɗana ya aiko cewa in sayar da su, shi zai cika, in nemi jif ta hannu, irin wadda ƙafafunta huɗu ke ja, wadda za ta iya jan tirela da injin ban ruwa.

Ni ban san mota ba. In bijimin sa ne, zan buɗe bakinsa in duba haƙora, in taɓa tozo, in sa a zagaya da shi in ga takunsa. Mutum ɗaya ne a garin na yarda da idonsa a kan ƙarfe, kuma shi ne wanda na shekara bakwai ina sauya hanyar kasuwa don kada mu haɗu.

Kirista ne daga wajen Jos, direban wata ma'aikata a da. Wata damina ciwo ya kama maiɗakina muna bukkar gona, ruwa ya rufe hanya. Ya zo wucewa da jif ɗin ofis da rana tsaka, na tare shi. Bai tambayi kowa izini ba, ya ɗauke ta ya ratsa ruwa da ita har asibiti. Allah Ya ƙara mata shekara huɗu bayan wannan rana. Amma ruwa ya shiga injin motar, aka tuhume shi, aka ce ya kawo shaida a rubuce. Na zauna na feƙe alƙalami, na rubuta da ajami, shafi guda cur. Na kai ofishinsu, akawun wurin ya juya takardar sama da ƙasa, ya ce wannan ba rubutun ofis ba ne, in je wajen masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya a mayar mini da shi boko. Raina ya ɓaci. Ni da nake rubuta wa mutane wasiƙa tun kafin a yaye shi? Na bar takardar a kan teburinsa na fita, ina cewa gobe na koma. Goben ta zama mako. Aka sallami direban.

Bai bar garin ba. Ya kafa gareji ƙarƙashin wata tsamiya a bayan tasha. Da maiɗakina ta rasu ya zo gaisuwa, ya tsaya a bayan mutane. Na gan shi, na sunkuyar da kai.

Ranar da na je wurinsa, ƙafafunsa kawai na tarar, sauran jikin yana ƙarƙashin wata akori-kura. Na yi sallama. Ya jawo jiki ya fito, ya dube ni, furfura ta cika masa kai.

"A'a, Malam! Ashe kana garin nan? Na ɗauka ka tafi Makka a ƙasa."

"Ina nan, Direba."

"To, me ya lalace? Buta ko alƙalami? Su kaɗai na san kana tuƙawa."

Na gaya masa abin da ya kawo ni. Ya goge hannu da tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya ce Asabar zai raka ni Kano, amma da sharaɗi: in ya shiga ƙarƙashin mota, kada in sa baki.

A Kano dillali ya nuna mana guda biyu. Ta farko koriya ce, tana ƙyalli, an kawo ta daga Ikko, sitiyarinta a hagu yadda sabuwar doka ke so. Ta biyu ta wani Bature ce, manajan kamfanin haƙar kuza a ƙasar Jos, da ya koma gida. Fentinta ya koɗe kamar tsohuwar riga, sitiyarinta a dama, don haka kowa ya guje ta. Amma cikinta kujerun fata ne masu taushi, har da katako mai sheƙi a gaban direba. Zuciyata ta tafi ga koriyar.

Direba bai ko dubi fenti ba. Ya shimfiɗa buhu ya shige ƙarƙashin koriyar da 'yar guduma. Ina jin yana ƙwanƙwasawa, wani wuri ya yi ƙara, wani wuri ya yi bum kamar tulun da ya tsage. Ya fito da wani ɓawon baƙin fenti a tafinsa, bayansa jajir da tsatsa.

"Iskar teku ta cinye ta, Malam. An shafa mata kwalli ne don baƙi. Ka ɗaura mata tirela, rabinta zai tafi gona, rabi ya tsaya jiranka a gida."

Dillali ya ce, "Haba, maigida, wannan ai amarya ce."

"Bazawara dai. Kuma ba aurenta na biyu ba ne."

A ta Baturen ya fi daɗewa. Ya zaro sandar awon baƙin mai ya murza a yatsa, ya sunsuna. Ya buɗe lagireto ya leƙa ruwan. Ya duba robar birki da ta kuloci ya ga yadda ƙafa ta cinye su, ya ce agogon mil yana iya ƙarya, roba ba ta yi. Daga nan ya kira ni baya, ya ɗora yatsana a kan ƙugiyar jan tirela. Sumul take, ko ƙarzuwa babu.

"Ka ji? Ba ta taɓa jan komai ba sai Bature da karensa. Ga haƙoran da kake nema."

Na ce, "Sitiyarin fa?"

"A fadamar taka akwai hagu da dama ne?"

Ita muka saya. Shi ya tuƙo mu, ni ina zaune a kujerar fata, na rasa inda zan sa hannuwana. Tun daga Kano har gida maganarmu ba ta wuce ta hanya da farashin gero ba. Sau biyu na buɗe baki zan ɗauko zancen takarda, sai in fasa.

Ya ce ciniki bai ƙare ba sai laka ta sa hannu. Washegari da hantsi muka ɗaura tirela, muka loda buhunan yashi, muka nufi gona. Akwai wani kwari kafin a kai, inda ruwan kogi yake kwanciya ya bar baƙar laka mai kama ƙafa. Nan shanuna suke durƙushewa. Nan ne kuma ya ratsa da maiɗakina. Ya tsaya, ya ja ƙaramin sandan giya da ke sa ƙafafu huɗu aiki, ya shiga a hankali. Motar ta yi gurnani, ta nutse har cibiyar taya, ta yi kamar za ta tsaya. Ina ta salati. Sai ga mu a tudu, tirela na biye, balbelu sun watse.

Ya kashe injin. Shiru ya dawo, sai kukan tsuntsayen ruwa.

Na zare makullin na miƙa masa. Na ce ta dalilina ya rasa sitiyari, ga wani; ya riƙe motar, ya yi mini jigila in ya samu sarari, abin da ta kawo nasa ne.

Ya yi dariya, ya mayar mini da shi cikin tafi. "Idona ya soma hazo, Malam. Bayan kaka zan koma gida, 'ya'yana sun matsa. Kafin nan zan koya maka, ko da za mu ƙarar da katangun garin." Ya dubi kwarin. "Aikin nan, ko ka kawo boko da wuya su bar ni. Injin motar ofis ya riga ya mutu. Abin da ya dame ni, ko sannu ba ka zo ka ce mini ba."

Na ce, "Kunya ce."

"Na sani. Shi ya sa ban aiko maka ba."

Ya jawo akwatin kayan aikinsa daga bayan kujera. A ƙarƙashin sifanu akwai wani gwangwanin taba, a ciki takarda a ninke, gefenta ya sha baƙin mai. Na gane hannuna tun kafin ya warware ta.

"Akawun ya haɗa mini ita da takardar sallama. Ban iya karantawa ba. Na so in kai wa wani malami, sai na ce a'a, mai ita yana raye."

Na karɓa. Tawadar ta koma ja, amma ba harafin da ya ɓace. Na yi bisimilla na karanta masa a bakin kwarin, tun daga gaisuwa. Na karanta inda na ce ni na tare shi, ba shi ya nema ba; inda na ce ya cire rigarsa ya tare mata ruwan da ke zuba ta taga; inda na ce ban taɓa ganin mutum mai tsoron Allah a bakin aikinsa kamar wannan ba, kuma in akwai laifi a ɗora mini. Haka na bi ta har na kai ƙarshe.

Yana kallon ruwa har na gama. Ya karɓi takardar, ya ninke ta yadda take, ya mayar cikin gwangwani.

"To, shaida ta iso," in ji shi. "Ba na binka komai, Malam. Zagayo nan ka zauna. Wannan abin takawar na tsakiya shi ne birki, shi za ka fara sani."