Zanen da bai yi zarni ba

'Yata ta fari tana da shekara huɗu lokacin da abin ya faru. A ƙauyenmu, can bayan Jahun, uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta ɗaukarsa a gaban surukai, ba ta sa baki a maganarsa. Tun da na yaye ta a ɗakin uwar mijina take kwana, wadda muke ce wa Inna. In yarinyar ta faɗi tana kuka, sai in kau da kai in ci gaba da daka.

Cikin damina zazzaɓi ya kama ta, ta yi ta amai har ta fara suma. Daga asibitin Jahun aka turo mu Dutse. Mijina yana waje gindin bishiya tare da sauran maza. Inna ce a kujerar bakin gado, ita ke amsa wa ma'aikata. Ni aikina wanki da ɗebo ruwa.

A wajen wankin na gane. Kwana biyu ina kai zannuwan shimfiɗar yarinyar famfon bayan ɗaki. A jiƙe suke zuwa, gaskiya, amma Inna yini take tana shafa mata ruwa don zafin jiki ya sauka. Na kai zane hancina, na sake kai wani. Babu zarni ko kaɗan. Da na dawo na saci kallon fuskar 'yata, fatar idonta ta tasa. Inna kuwa murna take, wai ƙarin ruwan da ake yi mata ya karɓe ta, har ta fara cikowa.

Da safe likita ta zo zagaye, wata siririya mai tabarau. Ta tambaya, "Tana fitsari?"

"Tana yi, likita," in ji Inna. "Kullum zane a jiƙe."

Na ga biro ya sauka kan takarda. Ina tsaye jikin taga. Aji uku na firamare na tsaya, kuma ban taɓa musa wa Inna magana ba.

"Ba ta yi," na ce.

Inna ta juyo a hankali. "Ke, da wa kike?"

Likita ta ɗago. "Wace ce wannan?"

"Matar ɗana ce."

"Ita ta haifi yarinyar?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Ni na haife ta. Ni nake wanke zannuwan. Tun shekaranjiya ruwa ne kawai a jikinsu."

Matar gadon kusa da mu ta rufe baki da mayafi ta ce, "Hajiya, kin samu suruka mai hanci." Inna ba ta yi dariya ba.

Nan take likita ta rage gudun ƙarin ruwan, aka ɗebi jini, aka sa wa yarinyar robar fitsari mai jaka a ƙasa. Da sakamako ya fito ta zaunar da mu. Ta ce zazzaɓi mai tsanani yakan sa ƙoda ta tsaya farat ɗaya, ruwa yana shiga ba ya fita, shi ne kumburin. Ta ce sau da yawa takan farfaɗo, in kuma ta ƙi sai an yi wankin ƙoda da inji. Ta ba ni wani ƙaramin kofi mai layi, ta ce kada ruwan da yarinyar za ta sha ya wuce abin da nas ta faɗa.

Bayan azahar aka kawo rubutu daga gida, cike da jarka, daga hannun Malam, kakan yarinyar, mai makarantar allon unguwarmu. Inna ta cika moɗa. Na tare ta da kofina.

"Inna, ki yi haƙuri. Iya wannan layin."

"Rubutun Malam kike aunawa?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Wanda ya yi rubutun bai san ƙoda ba ke nan, sai ke."

Ban janye kofin ba. Nas ta leƙo ta ce, "Hajiya, a ba ta rubutu, amma a cikin rabonta na yau. Sauran ki shafa mata, albarkar ba ta raguwa." Inna ta zuba har layi.

Lambobin jikin jakar suna rikita ni, sai na ciro zare daga bakin zanena na ɗaura daidai inda ɗan abin da ya taru ya tsaya. Yini guda bai motsa ba. Washegari na ga ɗigo yana gangarowa cikin robar, ja kamar shayi. Rana ta uku ya haura zaren da yatsa biyu, na matsar da zaren sama. Likita ta ce ba sai an yi wankin ba.

Mun yi kwana goma sha ɗaya aka sallame mu. A mota Inna ce ta riƙe yarinyar har muka isa gida. Labari ya riga mu zuwa, har yau in mata sun tashi zancen marasa kara sukan sako ni. Takardar komawa asibiti tana ƙasan akwatina. Ranar gwajin jini ni nake tashi in yi wa 'yata wanka, in kama hannunta mu bi ta tsakar gida, mu fita tasha.