Waƙar da Cornelius Ya Yanke

Cornelius ya zo Birnin Kudu daga Kafanchan yana saurayi, ya fara da gyaran rediyo. Da wayoyi suka yawaita sai ya sayi kwamfutar hannu ta gwanjo, ya kama shago a bakin tasha. Wanda wayarsa ta ƙi buɗe waƙa wurinsa yake zuwa a juya masa ita zuwa MP3, mai tsohon kaset ya kawo a kwashe masa a memori. Duk waƙar da ta bi ta hannunsa sai ya liƙa mata muryarsa a farko: "Daga shagon Cornelius, Birnin Kudu." Shekara goma sha huɗu ko cacar baki bai taɓa yi da kowa ba.

Wata Laraba wani mutum da bai sani ba ya kawo masa waƙar Buba, makaɗin noma na Gwaram, wadda aka ɗauka a wurin gayya. Ya ce ta yi tsawo, a yanke daga nan a haɗe da can. Mutane na jira a benci, don haka Cornelius bai tsaya sauraron baitukan ba. Ya yanke, ya haɗe, ya tura masa.

Bayan mako guda matarsa Justina ta dawo daga kasuwar Gwaram ba ta sayar da ko rabin kayanta ba. Ta ja shi cikin shago ta tura ƙofa.

"Baban Sylvia, me ka yi wa Alhaji Iliyasu?"

Bai ma san sunan ba. Ta gaya masa babban manomi ne da ake shirin naɗawa sarkin noma. Waƙar tana yawo a kowace waya: Buba ya ambaci sunan Alhaji, nan take ya shiga zambon ɓarawon dawa mai fasa rumbun maƙwabta. 'Ya'yan Alhaji sun je sun fasa wa Buba ganga, yanzu kuma suna tambayar wane ne Cornelius.

Kwana biyu bai buɗe shago ba. In babur ya tsaya a ƙofar gida sai ya leƙa ta taga. Abinci ya ƙi shiga. Justina ta fara haɗa kayan yara, ta ce su tafi Kafanchan kafin a zo. A rana ta uku ya daure ya kunna kwamfutar, ya tarar ainihin waƙar tana nan bai goge ba. Ya saurara har ƙarshe. Buba yabon Alhaji ya yi; zambon ɓarawon yana can gaba da minti shida, kuma ba a kama sunan kowa ba.

Da hantsi ya hau bas zuwa Gwaram. A zauren Alhaji Iliyasu ya tarar da mutane sun kai goma, biyu daga cikin 'ya'yan suka tsaya a bakin ƙofa bayan ya shiga. Ya durƙusa ya gaida su, ya faɗi sunansa.

"Ranka ya daɗe, ni na yanke ta. Ga ainihinta na kawo."

Ya danna wayarsa, ta ƙi buɗewa. Cikin ruɗewa ya manta bai juya ta ba, tana nan yadda tsohuwar wayar mai ɗauka ta ajiye ta. Wani ya ce dama ƙarya yake yi. Cornelius ya buɗe kwamfutar a kan tabarma, lasifikarta ta daɗe da mutuwa, caji kuma saura kaɗan. Ya sa ta juya waƙar, ya zuba wa allon ido, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ta gama, ya tura a waya, muryar Buba ta cika zauren.

Alhaji ya saurara sau biyu, sannan ya tambaye shi wa ya kawo masa aikin. Cornelius ya ce bai san sunansa ba.

"To, ran kasuwa ka zo ka zauna, ka sa wa kowa cikakkiyar a wayarsa. Kuma ka je ka ba Buba haƙuri."

Kasuwa uku yana zuwa. Buba ya karɓi haƙurin ba tare da ya dube shi ba. Ba a taɓa gano mutumin da ya kawo aikin ba, kuma a ƙauyukan da ke nesa yankakkiyar ce ta ci gaba da yawo. Justina ta shekara ba ta sake taka kasuwar Gwaram ba.