Ranar da Inna ta kai ni ƙara wurin majo

Shekarun baya, ina sabuwar gama karatun jinya, aka tura ni wani asibiti a Parakou, sashen da muke kira reya, inda ake kwantar da masu ciwo mai tsanani. Shugabar masu jinya, wadda muke ce wa majo, ba zan ce muguwa ce ba, Allah ya sani. Amma dai ni ta sa wa ido. Da yake ni mai yawan sake dubawa ce, ko ruwa na ɗaura wa majinyaci sai na koma na leƙa, sai ta ɗaga murya a gaban dangin marasa lafiya: “’Yar takarda, allurar ma sai kin nemi izininta?” Ranar hutuna kuwa kullum wani ne ke da uzuri, ni ce mai cikewa.

Na rame, abinci ya daina shiga. Da na samu na je gida Djougou, wata motar kaya ta ja da baya a ƙofar gidanmu tana ƙara tit-tit irin ta na'urar reya, na zabura na cafke hannun kakata ina neman bugun jini. Tsohuwa tana cin goronta, ta ce, “Ke, lafiyata lau, sake ni!”

A ranar na gaya wa mahaifiyata ina ganin, wataƙila, zan ajiye aikin. Ta dube ni ta ce, “Da kika fara, wa ya kai ki wurin matar nan?” Na ce takardar ɗaukar aiki. Ta riƙe haɓa. Ita a wurinta, ko ɗinki za a koya wa yaro, sai babba ya kai shi ya danƙa amana.

Na yi ta roƙo: “Inna, asibiti ba shagon tela ba ne.” Ko saurarena ba ta yi ba. Ta sa aka kawo doya daga Kolokondé, muka shiga mota zuwa Parakou, muka hau zem, wato babur ɗin haya, har gidan majo a unguwar Banikanni.

Muka tarar da ita a tsakar gida da ɗaurin ƙirji, ƙafafunta a kumbure cikin bahon ruwan ɗumi. Ban taɓa tunanin ita ma tana gajiya ba. Bayan doguwar gaisuwa Inna ta ce, “Hajiya, ƙara na kawo. Na ba ku yarinya da kumatunta, ta dawo mini wuya kamar na zabuwa. Na san laifi take yi miki. Faɗa mini, in dake ta a gabanki.”

Majo ta janye ƙafafunta daga bahon. Can ta ce, “Wallahi Inna, ba ta da laifi. Tsoro ne ya yi mata yawa.”

“To ga ta nan, ’yarki ce. In ta fashe, a hannunki ta fashe.”

Ba zan ce ta zama wata daban ba, faɗa dai ba ta bari ba. Sai dai ta koma yi mini shi a ofis, ƙofa a rufe, hutuna kuma ya zama nawa. Ban ajiye aikin ba.

Ban sani ba ko wannan hanya za ta yi wa kowa, ba kuma na cewa ku kwaso iyayenku. Amma yanzu da sababbi ke zuwa hannuna, in na ji harshena ya fara kaifi, sai in tuna kowacce da mai ita a gida.