Karen Gadi a Small Heath

Ba da shirina kare ya shigo hannuna ba. Maƙwabcinmu a unguwar Small Heath, nan ƙasar Turawa, wani tsohon Bature da muka daɗe muna gaisawa ta kan katanga, ƙafafunsa suka gaza, aka ce za a kai shi gidan kula da tsofaffi. Ranar tafiya ya miƙo mini igiyar karensa, ya ce duk layin ni kaɗai ne ba na tsallaka titi in na hango karen. Gaskiya ya faɗa. Mahaifina mafarauci ne, cikin karnuka na tashi.

Na buga masa ɗan ɗakin katako a bayan gida, kamar yadda muka saba: kare a waje, mutane a ɗaki. Matata ta ce ta yarda, amma ranar da ya sa ƙafa a kicin ɗinta, to ni da shi kwano ɗaya za mu riƙa ci a waje.

A lokacin ina zuwa ajin manya a unguwar Aston, ina koyon karatu da rubutu da furfurata. Duk shekara 'yata da ke aure a Old Trafford, can Manchester, ita ke sabunta mana inshorar gida. Wannan karon na ce ta huta, ni ma na fara gane baƙi, zan buga wayar da kaina.

Matar da ta ɗauka a kamfanin inshorar mai ladabi ce. Ta tambaya ko akwai dabba a gidan, na ce akwai kare, babba. Ta ce na cikin gida ne, yana zaune da iyali? Sai na ji kamar ta zage ni. Na ce a'a, karena ba na wasa ba ne, yana da aiki, gadi yake yi, a waje yake kwana. Har ina sa ran za ta yi mini rangwame, tunda gida mai kare ɓarawo ba ya son sa. Ta ce in jira, ta sa mini kiɗa. Da ta dawo ta ce ba sa ɗaukar gidan da ke da karen gadi, don in ya ciji mai kawo wasiƙa su za a kama. Ba za su sabunta ba.

Daga nan zama ya gagare ni. Bankin da ya ba mu bashin gidan sharaɗinsa ne a riƙe inshora, ga wa'adin tsohuwar yana ƙaratowa. Duk kamfanin da na kira sai ya tambaya ko an taɓa ƙin karɓata a wani wuri, in ce e, daga nan muryar ta sauya. In na fita sai in dawo daga bakin titi in duba ko an kashe gas. In ruwa ya sauko sai in hau sama ina shafa rufi. A aji malama tana rubutu a allo, ni kuwa ina ganin gidana yana cin wuta. Shi gogan yana can kwance a bayan gida, tsufa ya sa ko kyanwar maƙwabta ba ya yi wa haushi.

A ƙarshe 'yata ta samo wani dillali da ya ce akwai masu karɓa, muddin kare na gida ne, ba na gadi ba.

"Baba, ka ce musu na gida ne kawai," ta ce a waya. "Wannan tsohon me yake gadi? Barcinsa?"

"In na faɗa, sai ya zama gaskiya. Sai ya shiga ɗaki."

"To ka shigar da shi mana."

"Ga uwarki nan, ki gaya mata da bakinki."

Ba ta nemi in miƙa wa uwar wayar ba.

Bayan La'asar na tare limamin masallacinmu. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce abin da ya karanta shi ne a riƙe kare don farauta, ko kiwo, ko gadi. Na sha'awa kuwa ba zai ce mini in yi ba. Na fito ina tafe ina juya maganar. Dalilin da ya halatta mini karen shi ne ya hana ni inshora, wanda zai ba ni inshora kuma shi ne zai raba ni da hujjata. Sai da na wuce layinmu ban sani ba.

Na yi kwanaki ina kai da kawo tsakanin ƙofar baya da falo. Matata ta daina tambayata ko zan ƙara tuwo. Gidan nan ita ma guminta yana ciki, kuma tsohon da ya ba ni amana bai ce in rasa matsuguni a kanta ba.

Wata ma'aikaciyar jinya da ta yi ritaya, maƙwabciyar 'yata, ta ce tana son karen in zan bayar. Ranar Asabar na shimfiɗa tsohon bargo a bayan mota, muka kama hanyar Manchester. Ina tuƙi ina leƙensa ta madubi, ina yi masa magana da Hausa, wadda a 'yan watannin nan ya fara ji.

Matar ta buɗe ƙofa, na sunkuya zan ɗaure shi a jikin shinge. Sai ya zame, ya bi ta gefen ƙafarta ya shige falo, ya hau doguwar kujera ya ɗora haɓa a kan matashi, ya saki wani dogon numfashi. Ban taɓa jin ya yi irinsa a wurina ba. Ashe a kan kujera ya saba kwanciya a gidan tsohon, ni ne ban taɓa tambaya ba.

Ta ce in shigo in sha shayi. Na ce hanya da nisa. Na kira shi sau ɗaya daga bakin ƙofa, ya kaɗa wutsiya bai sauko ba.