Matakalar da Rumasa'u Ta Roƙa

Duk wanda ya zauna a lungun nan na bayan unguwar Hindawiyya a Makka, wanda ya haye dutse kamar akuya, ya san Rumasa'u. In bai san ta da ido ba, ya san ta da kunne. Mace ce 'yar firit, kamar an wanke ta an matse an shanya, amma bakinta ya ishi mutum uku.

Daga Bichi suka zo aikin hajji ita da mijinta Badamasi, tun suna da sauran baƙin gashi. Abokan tafiyarsu suka sa haƙorin Makka suka koma gida. Su kuwa hajjin nan har tsufa ya riske su ba su gama shi ba. Ba igama, wato izinin zama, ba wata takarda, sai dai Allah da maƙwabta.

Badamasi ƙato ne a lokacinsa. Yana cikin masu ɗaukar tsofaffin alhazai a kan gadon katako su zaga Ka'aba da su, kafin kekuna su yi yawa. Ya ɗauki Baturke, ya ɗauki Ba'indiye, ya ɗauki wata hajiya da ya rantse ta haɗiye turmi. Gwiwoyinsa suka haƙura suka haƙura, ranar da suka gaji suka ajiye aiki ba sallama. Daga nan duniyarsa ta koma ɗaki ɗaya da bakin ƙofa, domin matakalar lungun ta ragargaje tun wani ruwan sama da aka yi, ta zama tarin duwatsu masu kaifi da mai lafiya ma sai ya dafa bango. Burinsa guda ne, kuma bai ɓoye wa kowa ba: ya sauka da ƙafarsa, ya hau mota, ya yi sallar Juma'a a Harami ko sau ɗaya kafin a kai shi a kwance.

Rumasa'u ƙosai take soyawa a saman lungun, inda ake hango bakin titi sarai. Wannan ya ba ta aiki na biyu wanda ba wanda ya naɗa ta. Da ta hango farar mota mai tambarin hukuma ta tsaya a ƙasa, sai ta ɗauki ludayin ƙarfe ta ƙwanƙwasa tukunyar gas. Kafin ka ce kwabo lungu ya zama kufai. Ƙofofi sun rufe, jarirai an toshe musu baki da nono, masu talla sun bi ta kan rufi. Shekara da shekaru ba a taɓa kama ko mutum ɗaya a lungun ba, kuma ba ta bari a manta wa ya jawo hakan.

Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya a raye ba. Amma lokacin da ta rasa jaririnta na ƙarshe, maƙwabciyarta Maryama tana kwance ba lafiya da ɗanyen goyo, sai Rumasa'u ta karɓi yaron ta shayar da shi. Marwan ke nan. Su Maryama Hausawa ne 'yan ƙasa, kakanninsu tun zamanin raƙuma suka zo, don haka yaron ya yi karatu, ya yi gemu, suka koma unguwar Shisha gidan bene. Hausarsa ta zama kamar tsohuwar riga, wajen Rumasa'u kaɗai yake sa ta.

Shekarar da aka ce har mata ma su jefa ƙuri'a a zaɓen majalisar baladiyya, wato ta kula da gari, Marwan ya tsaya ya ci. Rumasa'u ba ta da ƙuri'ar jefawa, amma ta yi abin da aka saba a garinsu in naka ya samu sarauta. Ta tuƙa tuwo, ta kaɗa miyar kuka, ta ɗaure kwano a tsumma, ta hau tasi zuwa Shisha gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, sarkin shara da kwata," in ji ta tana shiga.

"Ya Inna, haram alaiki, ko zama ba mu fara ba." Ya sumbaci kanta.

"To ku zauna da wuri. Nonon da ka sha ba na kanti ba ne. Abu ɗaya na zo roƙo, ban da shi ko allura ba na so. Matakalar lungunmu. Babanka Badamasi yana so ya sauka."

Marwan ya tuna a wuyan Badamasi ya fara ganin Ka'aba yana yaro. Ya ce majalisar sabuwa ce, kowa ya zo da nasa: wannan magudanar ruwa saboda ambaliya, wancan kwashe shara, wata fitilun titi. Su shawara suke bayarwa, ba su ke riƙe da siminti ba. Amma ya ce zai sa matakalar a gaba, za a turo kwamiti ya duba wurin ya ga mutanen da ke amfani da ita. Rumasa'u ta ji "matakala", ta ji "a gaba". Sauran maganar ta bar masa a kan kujera.

Ya cika alkawari kuwa. Wata hantsi tana tsakiyar suya, farar mota mai tambari ta tsaya a bakin titi, maza suka fito da hula irin ta masu gini, suna nuna sama da yatsa. Rumasa'u ba ta yi tunani ba. Hannun da ya saba ba ya neman izinin kai. Ta ɗauki ludayi ta ba tukunyar gas kashi, ta kashe wuta, ta shiga ɗaki ta ja Badamasi bayan tankin ruwa ta yafa masa bargo.

Mutanen suka hau da ƙyar. Suka ƙwanƙwasa wannan ƙofa, suka yi sallama a waccan, ko kyanwa ba ta amsa ba. Suka tsaya a rana har gumi ya jiƙa su, suka sauka. Da yamma Rumasa'u ta zaga gida gida tana karɓar godiya.

Bayan 'yan kwanaki Marwan ya hawo lungun, farar rigarsa duk ƙura.

"Inna, ina kuka shiga? Na turo mutane, sun ce ba kowa a nan, wai kango ne."

"Waɗanne mutane?"

"Na matakala. Ba 'yan kame ba ne, wallahi. Awo suka zo yi."

Ta dube shi, ta dubi ludayin da ke hannunta.

"Ai da ka ce su zo da tasi," in ji ta, amma muryar ba tata ba ce.

Ya ce an riga an gama tsara aikin bana, an ba magudanar ruwa da fitilu gaba, tunda ba a gyara wa kango matakala. Ba zai iya tashi a majalisa ya ce lungun cike yake da mutane suka ɓuya ba, sai a tambaye shi dalilin ɓuyan. Zai sake kawo maganar baɗi ta wata hanya.

Badamasi yana jin su daga bakin ƙofa. Da Marwan ya tafi, ya yi dariya har da tari.

"Hajiya, ke kaɗai na sani da ta gayyaci baƙo da tuwo ta kore shi da ludayi."

"Kai fa, Alhaji? Gwiwar da ka ce ta mutu, na ga yadda ta yi sauri zuwa bayan tanki."

"Ja na kika yi kamar buhun gawayi."

Suka yi dariya tare, sannan ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Samarin lungun sun ce za su sauke shi a kan kujera. Ya ƙi. Ya ce shi da ya ɗauki mutane rabin rayuwarsa, ba za a ɗauke shi ba sai ɗauka ta ƙarshe. Baɗi ba nisa. Kowace Juma'a yana wanka ya sa farar rigarsa ya zauna a bakin ƙofa, ya bi sallar daga nesa, Rumasa'u tana yi masa tsiya wai ya yi kwalliya kamar ango ba amarya.

Baɗin bai same shi ba. Zazzaɓi ya kwantar da shi bayan hajji, bai yi mako ba ya cika. Sai da aka ɗaure shi a makara da rawani kada ya zame, maza suna miƙa wa juna shi daga dutse zuwa dutse, Marwan yana riƙe da gefen kai yana kuka kamar yaro. An yi masa salla a Harami. Ya isa dai, yadda ya ce ba ya so.

Shekara ta zagayo, farar motar ta dawo. Rumasa'u ta hango ta, hannunta ya kai kan ludayi, sai ta zauna a kan hannun da ƙarfi har mutanen suka iso suka gaishe ta. Ta ba su ƙosai. An yi matakala mai kyau, da ƙarfen dafawa a gefe, har da fitila.

Tana nan tana suyarta. In baƙo ya yaba matakalar, takan ce, "Ta wani ce, bai zo karɓa ba." Ranar Juma'a kuma takan sauka a hankali tana dafa ƙarfen, tana masifa ƙasa ƙasa da wanda ba ya nan, wai da ya yi haƙuri kaɗan, mutum kullum sai gaggawa.